Motar Haya a Garin Mutane: Abin da Ba Ma Rubutawa a Littafi

Masu jiran ci gaban labari ku yi mini afuwa, wannan makon ba shi na kawo muku ba. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi tun ranar Laraba, na ga in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Wata yarinya ce cikin masu karanta littattafaina ta bugo mini waya, muryarta cike da murna. Bayan mun gaisa ta ce, "Anti, an sa ranar bikina, kuma angon ya ce Dubai za mu je hutun amarci. Don Allah wace mota ce jarumin littafinki ya karɓa haya a filin jirgi, baƙar nan da kika ce kujerunta na ƙamshin fata? Irinta nake so ya karɓo mana." Na yi dariya na sa mata albarka muka rabu. Amma da na ajiye wayar sai dariyar ta koma ciki, domin ni na san lokacin da na rubuta wannan shafin ko Legas ban taɓa takawa ba balle Dubai. A jikin wata tsohuwar mujalla da aka ƙunso mini kaya a ciki na ga hoton motar, na kwafi sunanta harafi bayan harafi.

Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk wanda ya saba karanta littattafanmu ya san yadda muke yi. Jarumi zai sauka daga jirgi, ya gyara zaman gilashinsa, ya miƙa hannu kawai a ɗora masa mukulli. Daga nan sai ya fizgi mota ya hau titi yana murza sitiyari da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da na gimbiyar. Ban taɓa karanta littafin da aka tambayi jarumi lasisinsa ba. Ban taɓa ganin inda ya yi minti arba'in yana zagayen neman wurin fakin ba, ko inda aka riƙe masa kuɗi har ya dawo gida ya yi wata guda yana bugun waya. Mu dai mota ta yi ƙyalli, shi ke nan. To ni na je na gani, kuma ganin bai zo mini da sauƙi ba.

Kafin in shiga labarin bari in warware kalmar, don in aka ce motar haya a wurinmu tasi ko bas ake nufi. Wadda nake magana a kanta ita ce wadda kamfani zai ba ka na kwanaki, babu direba, kai za ka tuƙa abarka, kai za ka zuba mai, kuma duk abin da ya same ta a wuyanka yake har ranar da ka mayar.

A ƙarshen shekarar 2019 na yi tafiyata ta farko zuwa Dubai, ta Addis Ababa muka bi. Kun san marubuci a ƙasar nan ba ya rayuwa da littafi kaɗai, ina ɗan taɓa saye da sayarwa na abaya da turare. Da mata suka ji zan tafi sai saƙo ya yi ta zuwa, wannan ta kawo na abaya uku, waccan na turaren wuta. Mafi nauyi a ciki shi ne na wata maƙwabciyata, dattijuwa, da ta ba ni kuɗin wani sashe na lefen ɗanta, har da 'yan kunne da sarƙa na gwal. Maigida bai samu hutu ba, sai ya haɗa ni da ƙaninsa, saurayi mai son gayu, ya iya tuƙi kuma yana da katin banki na dala. Duk kuɗin jama'a a cikin katin nan muka zuba, don gudun yawo da tsaba.

Tun daga gida ya kama mana ƙaramar mota ta intanet, irin su Nissan Sunny ɗin nan da suka cika garin. Da muka isa teburin kamfanin sai ma'aikacin ya yi murmushi ya juyo mana da fuskar kwamfutarsa, ya nuna wata farar Nissan Patrol, ya ce ragi ake yi, ƙari kaɗan za mu yi a kan kuɗin kowace rana. Ƙanin maigida ya dube ni ya ce, "Anti, yanzu a ce mun zo har Dubai mu ɓuge da waccan akwalar? Hotunan nan fa gida za su je. Kuma ai ke kika koya mana a littafi." Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, wallahi ni ma zuciyata ta biya. Sai ma'aikacin ya kawo maganar cikakkiyar inshora, shi ma ƙarin kuɗi ne kullum. Muka haɗa ido, muka ce a bar wannan, Allah zai tsare. Wato muka sayi girman mota da kuɗin da ya kamata mu sayi kwanciyar hankali.

Aka miƙo takardu shafi uku da ƙananan rubutu kamar ƙafar kiyashi, ya rattaba hannu ko layi ɗaya bai karanta ba. Aka goga kati. Muna fita wayarsa ta yi ƙara, ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Ban da kuɗin haya, an cire dirhami 3,000 na jingina. A lokacin dirhami ɗaya yana wajen naira 100, kun ga kusan naira dubu ɗari uku ke nan ta tashi daga kuɗin mutane tun ba mu sha ruwan garin ba.

Nan ne wurin da nake so masu niyyar tafiya su buɗe kunne. Kamfanonin nan an gina tsarinsu ne a kan katin bashi irin na Turawa, wanda banki ke ranta maka kuɗi. A irin wannan kati jinginar riƙewa ce kawai a cikin rancen, ba ta taɓa kuɗin cefanenka. Mu kuwa yawancinmu katin da muke da shi na kuɗinmu ne da ke ajiye, don haka in an riƙe, naka aka riƙe, ba ka da ikon taɓa shi. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar irin katinmu sam. Kuma jinginar tana bin girman mota ne, ta ƙarama daban, ta jif daban. Ba kuma ranar da ka mayar da mukulli ake sakar maka ba, sai sun jira makonni su ga ko akwai tarar da za ta biyo baya. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Dubai ta umarci kamfanonin su riƙa mayar da kuɗin cikin kwana 30, amma ko kwana talatin ɗin, wanda ya zo sari na mako guda me ya amfana? Ya riga ya koma gida.

Masaukinmu a Dera yake, kusa da kasuwar Naif, inda duk ɗan kasuwarmu ke sauka. Wanda bai taɓa zuwa ba ya ɗauka duk Dubai irin titunan da ake nunawa a talabijin ne masu layi shida-shida. Dera tsohon gari ne, lunguna ne matsattsu, ga masu turin kaya a baro, ga motocin sauke kaya sun tare rabin hanya, ga mutane kamar ranar kasuwa. Shiga da Patrol wurin nan daidai yake da ka ce za ka kutsa Kantin Kwari da tirela ana saura kwana uku Sallah. Otal ɗinmu ba shi da wurin ajiye mota. Daren farko sai da muka yi ta zagaye har na fara gyangyaɗi, daga ƙarshe muka biya wani fili mai nisa muka ajiye ta, muka jawo akwatuna a ƙafa. Kwana biyu na farko motar nan tana can tana hutawa, kuɗin haya na tafiya, kuɗin fili na tafiya, mu kuma muna yawon kasuwa a ƙasa kamar kowa, don daga Naif zuwa kasuwar gwal tafiyar ƙafa ce.

Rana ta uku ya ce ai asara ce mota ta yi ta zama, mu je Abu Dabi mu ga masallacin Sheikh Zayed. Tafiyar wajen kilomita 140 ce, titi sumul kamar an shafa masa mai. Gaskiya a nan motar ta nuna kanta, esi kamar cikin firji, ba ka jin ko motsi. Wani abokinsa ya taɓa gaya masa cewa a ƙasar ana yafe kilomita 20 a kan gudun da allo ya nuna, kyamara ba ta ɗaukarka sai ka wuce haka. Maganar gaskiya ce, amma a Dubai. Abu Dabi ta soke wannan rangwame tun watan Agustan 2018, abin da allo ya ce shi ne ƙarshen magana. Ƙasa ɗaya ce amma kowace masarauta da nata tsarin, kuma babu shinge a hanya da zai tuna maka ka canza gari. Babu ɗan sandan da ya tsayar da mu, babu wanda za ka ce wa ranka ya daɗe a yi haƙuri baƙi ne mu. Wani ɗan haske kawai na gani ya walƙa, na ce masa ko hadari ne? Ya yi shiru. Sau uku hasken nan ya walƙa kafin mu dawo, kowanne dirhami 300, kuma kamfani ya ɗora nasa ladan a kan kowace tara.

Akwai kuma Salik, kuɗin bin titi da suka fara karɓa a 2007. Ƙofa ce da ba ta da ƙyaure, ba ka tsayawa, ba ka miƙa wa kowa komai. Wata 'yar takarda ce manne a gilashin gaba, duk sanda ka wuce ƙarƙashin ƙarfen sai ta ƙirga. A lokacin dirhami 4 ne duk wucewa, kamfani ya ƙara ɗaya. Baƙon da ya ɓata hanya yana iya bi ta ƙofa ɗaya sau uku a yini bai sani ba, mu ma mun yi. Sannan a cikin ƙananan rubutun nan da ba mu karanta ba ashe an ƙayyade mana kilomita 250 a rana, zuwa Abu Dabi da dawowa kuwa ya haura haka, kowace kilomita ta sama da kuɗinta.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya faru ranar mayarwa. Yaron kamfanin ya zagaya motar da 'yar fitilarsa, ya durƙusa wajen ƙofar baya ta dama, ya nuna wani kwarzane da bai fi tsawon ɗan yatsa biyu ba. Har yau ban san ko a hannunmu ya faru a lungunan Dera ba, ko da shi aka ba mu. Ranar karɓa muna ta ɗaukar hoton kanmu a jikin mota, babu wanda ya tuna ya ɗauki hoton motar ita kanta. Suka tambayi takardar 'yan sanda, domin a can ko ƙaramin gogawa ne sai da rahoton 'yan sanda inshora ke biya, gareji ma ba ya taɓa gyaran haɗari sai da shi. Ba mu da ita. Ko da muna da ita ma, inshorar da muka zaɓa tana da wani kaso da mai haya zai fara biya daga aljihunsa kafin ita ta sa hannu, kuma wannan kason ne cikakkiyar inshorar da muka raina take ɗauke wa mutum. Dirhami 1,500 suka rubuta.

Bayan mako biyar abin da ya dawo cikin katin bai cika dirhami 400 ba. Amma ni ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Tun muna can kuɗin sayayya ya gaza, na dawo Kano babu sarƙar gwal ɗin lefen mutane, ga kai lefe saura kwana goma sha biyu. Na shiga gidan baiwar Allah nan da sauran kayan, ta shimfiɗa mini tabarma tana ta sa albarka, tana buɗe leda ɗaya bayan ɗaya, ni kuma bakina ya yi nauyi. Da ta zo ƙarshe ta ɗago ta ce, "'Yata, sarƙar fa?" Na ce, "Hajiya, tana hanya, kago ne ya yi jinkiri." Ƙarya na yi wa sa'ar uwata saboda farar mota. Washegari na cire awarwarona biyu na sayar, na sayi sarƙar a nan gida da tsada na kai mata. Maigida bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

To ga ra'ayina, wanda ya ga dama ya ɗauka. Tambayar farko ba wace mota ba ce, ita ce shin ina ma buƙatar motar? Wanda harkarsa ta tsaya a Dera da kasuwannin cikin gari, wallahi mota kaya ce a gare shi. Jirgin ƙasan cikin gari da suka buɗe a 2009 yana tsayawa a filin jirgin sama, ka canza layi a tashar Union ka sauka a Baniyas, tsakiyar kasuwa. Akwai taragon mata da yara zalla, akwai tasi mai rufi ruwan hoda da mata ke tuƙawa, ga wadda ba ta son shiga motar namiji ita kaɗai. Ƙetare ruwa zuwa tsohuwar kasuwar yadi ta Bur Dubai kuwa a kwalekwale dirhami 1 muka biya. Kayan sari dama ba a mota ake yawo da su ba, shago ke aika su wurin masu kago. Da mun yi haka, mun ɗauki mota ta yini ɗaya tak don zuwa Abu Dabi, ko ma mu hau bas daga tashar Gubaiba, da awarwarona suna hannuna.

In kuwa lallai sai an ɗauka, to ni a ganina ƙaramar mota da cikakkiyar inshora ta fi jif mai inshorar jeka-na-yi-ka sau goma. Ka auna ta da lungun da za ka kwana da yawan mutanen da za ta ɗauka. Kuma kuɗin da aka rubuta da manyan lambobi a talla shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka biya. Kafin ka kalli launin mota ka tambayi nawa ne jingina, yaushe ake mayarwa, nawa ne kasonka in an goge ta, kilomita nawa aka yarje maka, taya da gilashi suna cikin inshora ko babu, don sau da yawa ba sa ciki. Ka sa a nuna maka kowanne a rubuce. In Turancin ya yi maka yawa babu kunya ka kira wani ɗan gida cikin yaranmu da ke aiki a kasuwar ya karanta maka. Ka zagaya motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacinsu, har rufi da ƙasan bamba da allurar mai. Kuma tun daga gida ka yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ka haɗa da namu, don namu shi kaɗai ba ya isa, kada sai ka biya kuɗi ta intanet a hana ka mukulli a tebur.

Na san za a ce mini, ke Hajiya, kuɗinsa ne, wanda Allah ya hore wa ya hau abin da ransa ke so mana. Haka ne, kuma ba da shi nake ba. Mai shi ya san kansa, in an cire masa dubu uku ko a jikinsa. Da irina nake, masu tara kuɗin tafiya da adashi, masu ɗauke da amanar mutane a kati, da ango da ya gama kashe abin hannunsa a biki ya ranto na jirgi. Akwai kuma wanda babbar mota ta zama masa dole, mai tafiya da iyali bakwai, ko da tsohuwa mai ciwon ƙafa da keken guragu. Shi ma motar iyali mai kujeru da faɗin but yake buƙata, ba sai mai tsada ba. Masu cewa sai da jif ake shiga sahara kuwa su sani yawancin takardun hayar sun hana sauka daga kwalta, in ka kafe a yashi ko ka fasa wani abu inshora ta zare hannunta. Masu kai baƙi yawon sahara suna nan da motocinsu da direbobinsu, su zo har ƙofar otal su ɗauke ka.

Abin ma ya ƙara tsanani bayan tafiyarmu. An rufe ba 'yan Nijeriya biza a 2022, aka buɗe a watan Yulin 2024, waɗanda suka koma suka tarar da wani lissafin. Tun Yulin 2023, wanda ya keta jar danja a Dubai, ban da tara da tsare mota, sai an biya dirhami 50,000 kafin a sake ta. Daga ƙarshen Janairun 2025 Salik ya koma dirhami 6 a lokutan cunkoso na safe da yamma. Dirhamin da muka saya naira 100 kuwa, a 2025 ya kai wajen naira 400. Ku buga dubu hamsin sau ɗari huɗu ku gani, naira miliyan ashirin ke nan, a kan abin da direbanmu na nan gida yake yi sau biyar kafin azahar yana ma zagin wanda ya tsaya. Hannun tuƙinsu ɗaya ne da namu, dama suke bi kamar yadda muka koma tun 1972, kuma wannan ne ke yaudarar mutanenmu su ɗauka gida suke. Hannu ɗaya ne, hali ne ba ɗaya ba.

Mu marubuta kuma, ban ce mu daina sa jarumai a manyan motoci ba, mai karatu yana son ya ɗan huta da talaucinsa na awa biyu, ni ma da shi nake cin abinci. Amma tunda har akwai yaran da ke ɗaukar shafinmu su tsara tafiyarsu a kai, me zai hana ko sau ɗaya jarumi ya tsaya ya karanta takarda kafin ya sa hannu? Ni dai a labarin da nake kan rubutawa yanzu na riga na sa an riƙe wa Alhajin kuɗin jingina, kuma za ku ga yadda zai yi da gimbiyar a kasuwar gwal.

Jiya da daddare na nemo lambar amaryar nan na kira ta. Na ba ta labarin nan kaf, har da na awarwaro, abin da ko 'yan ɗakinmu ban taɓa gaya wa ba. Ta yi shiru can ta ce, "To Anti, hoton fa?" Na ce mata a ƙofar manyan kantunan garin irin motocin nan suna nan jere, ta tsaya daga gefe angon ya ɗauke ta, amma kada ta jingina da ta mutane. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce za ta gaya masa, sai dai ba ta yi mini alkawarin zai ji ba, don shi ma ya karanta littafin.

Ci gaban labarinmu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.